Ƙaro a Cikin Man Shanu: Yadda Na Koyi Yin Pinni a Panjab

Duk wanda ya ce maka Indiya ƙasar zafi ce, bai yi Disamba a Panjab ba. Ni da na taso a Zariya ina taƙamar na san hunturu, ashe wasan yara muke yi. Namu sanyi ne na iska da ƙura, ya busar maka da leɓe, ya tsattsaga maka dunduniya, ƙarfe goma rana ta fito a manta da shi. Nasu jiƙaƙƙe ne. Hazo fari fat yake sauka tun dare, wani lokaci a kwana uku ba a ga ƙwayar rana ba. Gidajen kuma don maganin zafin bazara aka gina su, daɓen dutse, rufi can sama, shi ya sa cikin ɗaki yakan fi waje sanyi. A watan da suke kira Poh, wanda ke kamawa daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, na sha kwana da safa biyu a ƙafa da hular sanyi a kai.

Karatu ne ya kai ni. Ina haya a saman bene a wani gida a Fagwara, garin da ke kan babbar hanya tsakanin Jalandar da Ludiyana. Masu gidan mabiya addinin Sikh ne, suna zaune a ƙasa. Tsohuwar gidan kowa Biji yake ce mata, haka Panjabawa da yawa ke kiran uwa ko kaka, ni ma na bi sahu. Ita kuma "puttar" take ce mini, kalmar da suke kiran ɗa ko 'ya da ita. Ba ta jin Turanci, ni kuma Panjabancina bai wuce na cefane ba, don haka yawancin hirarmu da hannu ce da ido, sai in jikarta tana kusa ta yi mana tafinta.

Mako na biyu da shigowar sanyin, mura ta kwantar da ni. Ina ƙudundune cikin bargo sai ga yarinyar ta hawo da farantin silba, a kai kofin madara mai tururi da wasu dunƙule guda biyu masu launin ƙasa-ƙasa, kowanne da shatin yatsu huɗu a jikinsa. Na ɗauka dakuwa ce. Da na gutsura sai ya marmashe a baki. Ɗanɗanon soyayyen garin alkama ne ya fara zuwa, man shanu ya biyo baya, sai wani abu mai ƙaras-ƙaras da ban gane ba, can ƙarshe citta ta ɗan ja ni a maƙogwaro. Guda ɗaya na ci da madarar, ban sake neman abinci ba sai bayan la'asar. Yarinyar ta ce sunansa pinni, kuma Biji ta ce a gaya mini ɗaya ake ci da safe, na biyun na gobe ne.

Da na warware na sauka na ce a rubuta mini yadda ake yi. Biji ta yi dariya har tana dafa gwiwa. Ta ce ba abin rubutawa ba ne, in ina so in zo ranar Lahadi in riƙe cokali, domin za ta yi wanda za a kai wa ɗanta a Kanada, wani ɗan'uwansu zai tashi cikin mako. Wannan yanki da ke tsakanin kogin Biyas da kogin Satlaj, da suke kira Doaba, ya yi suna wajen fita ƙasashen waje. Da wuya ka shiga layi ba ka sami gidan da ke da ɗa a Ingila ko Kanada ba. Kuma duk akwatin da zai bar gidan a lokacin sanyi, sai an nema wa gwangwanin pinni wuri a ciki, ko da takalmi ne za a cire.

Ranar Asabar muka fita cefane da surukarta, matar babban ɗanta. Mun fara da injin niƙa na unguwa, wanda suke kira chakki. Ba garin buhu muka saya ba, alkamar gida muka kai, ta gonarsu da aka girbe tun watan Afrilu. Ta gaya wa mai injin kada ya niƙa da laushi irin na gurasar yau da kullum, ya bar shi da ɗan tsaki-tsaki. Daga baya na gane dalili: gari mai laushi sosai yakan liƙe a dasashi, mai ɗan kauri kuwa shi ke marmashewa.

Daga nan sai shagon pansari, wato kwatankwacin 'yan kolinmu, masu sayar da kayan yaji da saiwoyi da busassun 'ya'yan itace. Ta sayi badam, wanda muka fi sani da almon, da kashu, da zabibi, da busasshiyar citta, da ilaici, ɗan koren nan mai ƙamshi da Larabawa ke sa wa gahawa. Ta sayi magaz, ɓararrun 'ya'yan kankana da danginta, da na gani na ce wannan ai ƙanin agushi ne. Ta sayi makhana, wasu farare marasa nauyi kamar gugguru, 'ya'yan wani tsiron ruwa ne dangin bado da aka fi nomawa a jihar Bihar. Sai ta ce a ba ta gond. Mai shagon ya buɗe kwalba ya zazzago wasu 'yan ƙwayoyi masu sheƙi, ruwan zuma, a kan ma'auni. Na ɗauki ɗaya na juya shi a tafin hannu, na shinshina, sai dariya ta kama ni a tsakiyar shagon mutane.

Ƙaro ne. Ƙaron da malamin allo ke jefawa cikin tawada don ta kama, wanda masu wankin hula ke sa wa hula ta tsaya, wanda muna yara muke ɓamɓarowa a jikin bishiya muna tauna har ya liƙe mana haƙora. Na tambaya daga wace bishiya yake fitowa, aka ce kikar. Da aka nuna mini kikar a bakin hanya, bagaruwa ce tsaf, da ƙayarta da 'ya'yanta masu gaɓa-gaɓa. Indiya ma tana sayen ƙaro daga Sudan da Chadi da Najeriya, don haka har yau in na ga kwalbar nan a shago nakan ce a raina, wa ya sani ko daga dajin Yobe wani ya taso. Mu muna da shi a bayan gari muna liƙe hula da shi, su sun mai da shi abincin masu jego.

Na ƙarshe shi ne zaƙi. A lokacin sanyi, bakin manyan hanyoyin Panjab cike yake da masu matse rake. Za ka ga injin matsa, da ƙaton kasko mai faɗi a kan murhun ƙasa, ana hura wutar da busasshen tuƙar raken. Abin da suke dafawa mazarƙwaila ce, sak irin ta Makarfi, sunanta a nan gur. In an bar ta ta daskare a dunƙule, gur ke nan. In kuma an yi ta murza ta kafin ta sandare har ta zama gari, sai su kira ta shakkar. Shakkar ɗin muka saya, tana da ɗumi a leda. Wasu gidajen da niƙaƙƙen sukari suke yi, Biji ta ce wannan na masu ƙyuya ne.

Man shanu kuwa ba a saya ba, yana gida. Kullum da safe ana kawo musu madarar ɓaunar gida, a tafasa, in ta huce Biji ta yaye kirim ɗin da ya taru a sama ta adana. In ya taru sai ta kaɗa, ta soya har ruwan ya ƙone ƙurmus, ta tace. Na ɓauna fari ne, ba rawaya ba kamar na saniya. In ya daskare yana da tsaki-tsaki, kuma da wannan suke gane mai kyau.

Ranar Lahadi da hantsi aka fito da murhun gas tsakar gida, aka ajiye shi a ƙasa. Biji ta zauna a 'yar kujera, surukarta a gefe, ni aka ba ni tabarma. Kaskon da aka ɗora na baƙin ƙarfe ne mai zurfi da kauri, irin na masu tuyar ƙosai, suna ce masa karahi. Biji ba ta auna komai da sikeli. Wani tsohon kwanon silba take da shi, da hannunta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na yarda, sai dai nawa idon bai san komai ba tukuna, don haka na sauko da ɗan sikelin kicin ɗina ina auna duk abin da ta ɗiba kafin ya shiga kasko. Tana kallona kamar mai kallon mahaukaciya. Abin da na samu shi ne: garin alkama kilo 1, man shanu wajen giram 700, shakkar giram 700, ƙaro giram 150, badam giram 250, kashu da magaz da zabibi kowanne cikin tafin hannu biyu, makhana kwano guda, garin citta babban cokali 2, ilaici ƙwaya 15 da aka daka.

Da ƙaron aka fara. Tun da dare ta sa an farfasa manyan a turmi sun koma kamar ƙwayar masara, an shanya su a faranti don kada a sami danshi. Ta narka kusan rabin man, ta rage wuta, ta jefa ƙwaya ɗaya. Ta nutse, ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ta taso sama ta kumbura ta yi fari. Sannan ta zuba cikin tafin hannu guda. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Duwatsun nan masu taurin da ke karya haƙori suka riƙa buɗewa kamar gugguru, kowanne ya ninka girmansa, suna juyi a cikin mai. Ɗan ruwan da ke maƙale a cikinsu ne zafi ke mayarwa tururi ya hura su. Ta kwashe, ta miƙo mini ɗaya ta yi mini alama in murƙushe. Na matsa da yatsu biyu ya zama gari. Ta ɗaga mini yatsa, ta ce in ya bar wani tauri a tsakiya to wuta ta yi yawa, wajen ya soyu cikin bai ji ba, kuma duk wanda ya ci zai kwana yana sakace. Sau biyar ta yi wannan tuya, kaɗan-kaɗan, ba ta yarda ta zuba duka lokaci guda ba.

Badam da kashu da magaz da makhana ba su ɗauki lokaci ba. Kowanne aka juya shi cikin man shi kaɗai har ya yi ƙamshi, aka kwashe, aka daddaka sama-sama. Zabibi daƙiƙa kaɗan ya yi, yana kumbura aka tsame shi.

Sai aka zo ga aikin. Ta ƙara sauran man, ta juye garin duka, ta miƙo mini cokalin.

Da farko abin kamar kwaɓin siminti yake. Garin ya shanye man tas, ya yi nauyi, sai ka sa ƙarfi kafin cokali ya ratsa. Na ce mata man ya yi kaɗan, a ƙara. Ta girgiza kai. Na kai hannu zan ƙara wuta, ta buge mini hannu, ba da wasa ba. "Hauli hauli, puttar," wato a hankali, a hankali. Wannan kalma na ji ta a ranar ta fi sau talatin. Wutar ba ta wuce ta ɗumama shayi ba, kuma ba a daina juyawa, ana kankaro ƙasan kasko ana dawo da shi sama, domin in ka tsaya ka amsa waya, ƙasan ya kama, ɗacin ƙuna kuma ba ya fita.

Bayan kamar minti ashirin hannuna ya fara sanyi, surukar ta karɓa, muka riƙa karɓa-karɓa. A nan ne na ga abin da ba a iya rubutawa. Kwaɓin da ya yi tauri ya fara saki da kansa, ba tare da an ƙara ko ɗigon mai ba. Cokali ya riƙa tafiya salin-alin. Launin ya tashi daga fari ya koma na madarar shayi, daga nan ya koma na ɓawon soyayyiyar gyaɗa. Man da ya ɓace ya dawo yana sheƙi a gefen kasko, ƙananan kumfa suna tasowa. Ƙamshin ma ya sauya. Na farko warin ɗanyen ƙullu ne, na ƙarshen kuwa irin wanda ke fitowa daga gidan da ake tuyar alkakin biki. Na ce ya yi. Biji ta ɗebi kaɗan a bakin cokali, ta hura, ta ɗora mini a harshe, ta yi mini alama in manna shi a dasashi. Ya ɗan liƙe. Ta ce saura. Muka ƙara minti goma sha biyar. A lissafina mun yi minti hamsin da biyar a kan garin nan. Ita ba agogo take dubawa ba. Ta ce in maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ke yin pinni, to ya kusa. Kuma matar ta leƙo.

Ko da aka kashe wuta ba a daina juyawa ba, saboda baƙin ƙarfe yana riƙe zafi, zai iya ƙona garin bayan an sauke. Aka juye a wani ƙaton faranti mai faɗi da suke kwaɓa gurasa a ciki. Aka zuba ƙaron da aka murƙushe da bayan kwano, da su badam, da citta, da ilaici. Na jawo ledar shakkar zan zuba, ta sake riƙe mini hannu. Aka kawo shayi. Muka zauna muna sha, faranti na gabanmu yana huci, ni ina ganin ɓata lokaci ne kawai. Can ta tsoma yatsa cikin garin, ta bar shi a ciki tana ƙirga wani abu a ranta, ta ce yanzu. Ya huce har hannu na iya zama a ciki, amma da sauran ɗumi. Aka tankaɗe shakkar ɗin a kai, muka sa hannu mu uku muna murzawa tsakanin tafuka har ba sauran gudaji.

Dunƙulawar ba mulmulawa ba ce irin ta fura. Cikin hannu guda za ka ɗiba, ka matse da ƙarfi, ka juya, ka sake matsewa, har man ya ɗan fito tsakanin yatsu, shi ya sa shatin yatsun ke zama a jiki. Wasu suna mulmula shi ya zama ƙwallo su manna badam a kai, amma a gidan nan na dunƙulen hannu ake yi. Kuma dole a yi sauri, don in ya huce gaba ɗaya man ya daskare ba zai haɗu ba. Nawa na farko guda uku duk sun watse kafin su kai faranti. Da muka gama mun sami guda 48, kuma ko daga nesa za ka nuna na kowa: na Biji ƙanana ne masu tauri kamar dutse, na surukar masu ƙiba, nawa dogaye kamar an taka su. Da za a cika gwangwanin Kanada, na ga Biji tana tsince nawa tana ajiyewa gefe. Ta ce na 'yan gida ne. Na gane.

Abin da ke sa ya jure tafiya shi ne babu ruwa a cikinsa ko kaɗan. An ƙone na man, an ƙone na garin. A gwangwani mai murfi, cikin sanyin nan, yana yin wata guda lafiya lau ba tare da firiji ba, muddin ba a sa jiƙaƙƙen hannu ba. Akwai masu ƙara khoya, wato madarar da aka dafa har ta daskare. Wannan ya fi laushi da daɗi, amma ba ya daɗewa, kuma ba a sa shi a akwati.

Kwana goma bayan nan na ce ai na iya. Na yi niyyar in yi rabin kilo ni kaɗai a sama, in sauko da shi in ba su mamaki. Na je wani shago daban na ce a ba ni gond, mai shagon ya tambaye ni wani abu da ban gane ba, na gyaɗa kai kawai. Allah ya taimake ni surukar Biji ta gan ni a matakala da ledar. Ta duba ta ce wannan ba shi ba ne, gond katira ne. Shi fari-fari ne, ba ya sheƙi. Ta jefa ƙwaya biyu a kofin ruwa ta ce in duba da safe. Da gari ya waye kofin ya cika da wani abu mai santsi kamar dafaffen sitaci. Wannan na bazara ne, a cikin abin sha mai sanyi suke sa shi. Na pinni kuwa narkewa yake a ruwa, a mai ne yake kumbura. Na koma na sayo na gaskiya.

Ko da hakan ban tsira ba. Tukunyata ta alminiyom ce marar kauri, ga jarrabawa a gabana, ina juyawa da hannu ɗaya ina riƙe da littafi a ɗayan. Na ƙara wuta don in gama da wuri. Ƙaron ya kumbura nan take, na ji daɗi, ban murƙushe ko ɗaya na gwada ba. Garin ya yi duhu cikin minti ashirin, na ce ai tukunyar zamani ta fi sauri. Ina saukewa na juye shakkar a kai yana tururi. Nan take ta narke. Abin ya koma wani baƙin kwaɓi mai danƙo, man ya rabu ya kwanta a sama kamar miyar da aka cika wa manja. Na yi ta juyawa ina salati. Da ya huce sai mazarƙwailar ta daskare gudaji-gudaji masu tauri, sauran garin kuma ya ƙi haɗuwa. Ga ɗacin ƙuna, ga ɗanyen gari, duka a cokali ɗaya, abin da ban san yana yiwuwa ba.

Ban sauka da shi ba. Ƙaurin ne ya hawo da Biji, tana dafa bango, ita da gwiwarta ba ta son matakala. Ta leƙa tukunyar, ta dube ni, ta ɗebi kaɗan ta tauna, na ji ƙaron ya yi ƙas a haƙorinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka sauko da tukunyar, ta kwashe na saman da bai ƙone ba, ta daka shi a turmi, ta tsince ƙaron da bai soyu ba, ta soya sabon gari kofi biyu a kaskonta ta haɗa. Bai dunƙulu ba, amma ya ciwu. Ta zuba mini a kwalba ta ce daga yau sunansa panjiri, da cokali ake ci.

Ashe panjiri abu ne mai zaman kansa, kusan kayan haɗinsu ɗaya da pinni, sai dai shi a warwatse ake barin sa. Shi ake yi wa mace in ta haihu, uwarta ce ke yi ta kawo mata, a ƙara masa ƙaro da citta da wasu saiwoyi, tana ci har ta yi arba'in. A ganinsu yana ɗumama jiki yana ƙarfafa baya. Da na gaya wa Biji mu ma kwana arba'in muke yi, da kunun kanwa da wankan ruwan zafi, ta riƙe haɓa tana mamaki, ta sa jikarta ta sake tambayata ko da gaske arba'in cif. Ta ce tunda na ci abincin masu jego, saura miji.

A daren na kira Umma na ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ke banda abinki, wannan ai 'yar'uwar nakiya ce. Da kin tsaya kin koya a wurin Inna lokacin bikin yayarki, da ba ki je wata ƙasa ana buge miki hannu ba." Ban da amsa. Ƙanwata da ke jin mu ta ce za ta gwada, tunda komai akwai a kasuwar Sabon Gari: alkama, mazarƙwaila, ƙaro, citta, gyaɗa a madadin badam, agushi a madadin magaz. Na manta ban gaya mata abu ɗaya ba. Mu in za mu soya man shanu da albasa muke soyawa, kuma wanda ke kicin ɗin Umma ke nan. Ta ce nata ya dunƙulu sarai, sai dai duk wanda ya gutsura sai ya waiga yana neman tuwo.

Na sake gwadawa ana saura kwana biyu bikin Lohri, wanda suke yi ranar 13 ga Janairu, a ƙarshen watan Poh. Wannan karon na ari kaskon Biji, na kashe waya, na rufe littafi. Na gwada ƙaro da ƙwaya ɗaya kafin in zuba, na murƙushe kowane kwashi. Garin rabin kilo ya ci minti arba'in, na manna a dasashi sau uku kafin in yarda. Da na sauke na haɗa shayi na zauna na sha, na wanke kofin, sannan na tsoma yatsa. Guda 23 na samu, biyu suka watse na cinye su a tsaye.

Daren Lohri aka hura wuta a tsakiyar layi. Maƙwabta suka fito da gyaɗa da gugguru da alawar riɗi, suna zagaya wutar suna jefa kaɗan a ciki, yara suna waƙa, wani yana dukan ganga. Ni ina gefe a kan gadon igiya kusa da Biji, na lulluɓe da mayafi biyu. Na buɗe gwangwanina na miƙa mata. Ta zaɓi ɗaya, ta juya shi a hasken wutar tana duba shatin yatsun. Ta ɗaga shi kamar taƙi guda ta sake shi a kan murfin gwangwanin. Bai fashe ba. Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata, sannan ta kira jikarta ta ce a gaya mini citta ta yi kaɗan.

Ta sa hannu ta ɗauki na biyu, ta ƙulle a bakin gyalenta.